SAYO JIRAGEN YAƘI KO ƘERA NA GIDA: WANNE NE MAFITA?

Wannan shi ne jawabin da wani malamin koyar da aikin injiniya ya gabatar ga matasa a garin Gwandu, sannan ya maimaita shi a Kalgo bisa buƙatar 'yan uwa ɗalibai na can.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzo (S), malamin ya fara da cewa kada wani ya ɗauka zancen jiragen yaƙi na manyan Abuja ne kawai. Ya tuna wa 'yan uwa yadda aka kwashe ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, da yadda Lakurawa suka kashe mutane a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024. Ya ce duk lokacin da irin haka ta faru, abin da talaka ke tambaya shi ne, ina jiragen da aka ce an sayo? Kuɗin sayen kuwa dukiyar al'umma ce, don haka kowa na da hakkin ya san inda aka dosa.

Ya ce masu magana a kan lamarin sun kasu biyu. Wasu na ganin a ci gaba da sayowa daga waje komai tsada, domin wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa haƙa rijiya. Wasu kuma na cewa muddin ba ka ƙera makaminka ba, to tsaronka aro ne. Ya ce zai kawo hujjar kowane ɓangare, sannan ya faɗi nasa ra'ayin.

DARASI DAGA TARIHI

Malamin ya ce wannan ƙasa ta Malam Abdullahin Gwandu ta taɓa ɗanɗana kuɗar dogaro da makamin wani. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka haɗu a birnin Burasal suka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Shekara 13 bayan nan, a watan Maris na 1903, sojojin Ingila suka tunkari Sakkwato da bindiga mai ruwan harsashi, alhali mafi yawan mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru takubba da māsu da baka ne a hannunsu. Ya ce ba jarumta ce ta yi ƙaranci ba, domin an ga irin tsayuwar da aka yi har zuwa Burmi. Makami ne ya bambanta. Ya ƙara da cewa Samori Ture, wanda ya shafe shekaru yana fafatawa da Faransawa har zuwa 1898, ya daɗe a fage ne saboda dalilai da dama, ciki har da cewa maƙeransa sun koyi gyara bindigogin Turawa da kwaikwayon ƙirarsu.

ABIN DA AKA SAYA, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Daga nan sai ya shiga tarihin rundunar sojan saman Nijeriya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnati jiragen yaƙi, sai da aka garzaya Tarayyar Sobiyat aka samo MiG-17, matuƙa daga Masar suka riƙa tuƙa wasunsu. Bayan yaƙi aka sayo MiG-21, sannan Alpha Jet 24 a farkon shekarun 1980, sai kuma Jaguar 18 daga Ingila.

A kan Jaguar ɗin nan ya tsaya sosai. Ya ce jirage ne masu tsada da suka iso wajen 1984, amma kafin a cika shekara goma an jingine su saboda rashin kuɗin kula da su da kayan gyara. "Ku da kuke hawa babur kun san wannan," in ji shi. "Sayen babur daban, riƙe shi daban. In ba a samun kayan gyaransa a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega, ranar da ya lalace ya zama kwanan gida. To jirgin yaƙi kowace sa'a da ya yi a sama sai an yi masa aikin sa'o'i a ƙasa, kuma ƙusa ɗaya in ta ƙare sai an nemi dala."

Ya ci gaba da cewa a 2005 an ƙulla cinikin jirage 15 samfurin F-7 daga Sin a kan dala miliyan 251. A 2018 gwamnatin Buhari ta biya Amurka dala miliyan 496 domin jirage 12 samfurin Super Tucano, haɗe da makamai da horo da kayan gyara, amma rukunin farko bai iso ba sai watan Yuli na 2021, aka ajiye su a Kainji, kusa da mu nan. A shekarar ce kuma aka karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan. Bayan haka aka ƙulla cinikin M-346 guda 24 daga Italiya da jirage masu saukar ungulu shida daga Turkiyya.

Malamin ya yi nuni da cewa ban da tsada akwai sharaɗi. A 2014, lokacin da Boko Haram ke kama garuruwa, Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, domin ƙirarta ne, ba a sayar da su sai da izininta. Cinikin Super Tucano ma an dakatar da shi a ƙarshen mulkin Obama, sai da Trump ya zo ya sake shi. Ya ce adalci shi ne a faɗi dalilin da suka bayar, wato take hakkin fararen hula, kuma lallai jirgin soja ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, mutane da yawa suka mutu. Amma ko da dalilin gaskiya ne, abin lura shi ne hukuncin a hannun wani yake. Kai ka biya kuɗi, shi ke faɗin ranar da za a ba ka.

HUJJAR MASU CEWA A SAYO

Sai ya ce kada 'yan uwa su yi saurin tafi, domin su ma masu cewa a sayo ba wawaye ba ne. Ƙera jirgin yaƙi na cikin ayyuka mafi wahala da ƙasa za ta ɗauko, kuma waɗanda suka fi mu nisa sun sha ƙasa a kai. Masar a zamanin Jamal Abdun Nasir ta ɗauko ƙwararren Bajamushe Messerschmitt domin ƙera jirgin HA-300 a Helwan. Jirgin ya tashi a 1964, amma a 1969 aka rufe aikin bayan an kashe dukiya mai yawa, aka koma sayen na Sobiyat. Indiya ta fara shirin jirginta Tejas a 1983, bai tashi ba sai 2001, bai shiga aikin soja ba sai wajen 2016, kuma injinsa na Amurka ne. Indonesiya ta ƙera jirgin fasinja N-250 ƙarƙashin Habibie, ya tashi a 1995, sai rikicin tattalin arziki na 1997 ya zo, sharuɗɗan bashin IMF suka yanke masa kuɗin gwamnati.

Ya ce babban ƙalubale shi ne injin. Ƙasashen da ke iya ƙera injin jirgin yaƙi tun daga tushe ba su da yawa, irin su Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, domin yana buƙatar ƙarfen da zai jure zafin da ke narkar da ƙarfe na yau da kullum. JF-17 ɗin Pakistan da injin Rasha yake tashi. Don haka duk wanda ya zo ya ce a ba shi shekara biyar zai ƙera wa Nijeriya jirgin yaƙi, to ko dai bai san aikin ba, ko kwangila yake nema.

WAƊANDA SUKA YI NASARA

Malamin ya ce duk da haka akwai waɗanda suka kai gaci, kuma hanyarsu kusan iri ɗaya ce. Birazil makaranta ta fara ginawa, wato cibiyar koyar da fasahar jiragen sama a 1950. Sai da ta shafe shekara 19 tana yaye injiniyoyi kafin ta kafa kamfanin Embraer a 1969, kuma da ƙaramin jirgi mai farfela ta fara. Super Tucano da muka saya da ɗaruruwan miliyoyin dala ƙirar wannan kamfani ne. Alhali DICON, masana'antar makamai ta Kaduna, an kafa ta a 1964, ta girmi Embraer da shekara biyar.

Pakistan kuma da wurin gyara ta fara a Kamra a shekarun 1970, inda ake kwance jiragen da ta sayo daga Sin ana yi musu garambawul. Daga nan ta shiga harhaɗa ƙaramin jirgin horo da lasisin Suwidin. A 1990 Amurka ta riƙe mata jiragen F-16 da ta riga ta biya kuɗinsu, wannan ya ƙara tura ta haɗa kai da Sin, har JF-17 ya tashi a 2003. Turkiyya ma takunkumin makamai da Amurka ta ɗora mata a 1975, bayan rikicin Kubrus, shi ya farkar da ita. Ta bi mataki mataki har ta kai ga jirgi mara matuƙi Bayraktar TB2 da ƙasashe ke rububinsa, kuma jirgin yaƙinta KAAN ya yi tashin farko a Fabrairun 2024, shi ma da injin Amurka.

Ya ce tsani ne mai hawa huɗu: makaranta, gyara, harhaɗawa, sannan ƙira. Babu wanda ya tsallake na ƙasa ya dira a na sama.

INA AKA TSAYA A NAN GIDA?

Abin takaici, in ji shi, Nijeriya ta taɓa taka wannan tsani ta sauko. A shekarun 1990 kamfanin AIEP a Kaduna ya harhaɗa ƙananan jiragen horo kimanin 60 masu suna Air Beetle, bisa ƙirar wani ƙaramin jirgin Amurka, aka riƙa koyar da matuƙan soja da su. Ba a ɗora komai a kai ba. A 2016, da aka buƙaci sabon jirgin horo, Pakistan aka je aka sayo Super Mushshak guda 10, wato jikan wancan ƙaramin jirgi da suka fara harhaɗawa. A 2013 sojan sama ya nuna jirgi mara matuƙi mai suna Gulma, a 2018 ya nuna Tsaigumi da aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Ya ce wannan ya nuna akwai masu ƙwaƙwalwa, abin da babu shi ne ɗorewa. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta da aka fara ginawa da Sobiyat a 1979 ya shafe fiye da shekara 40 ba a kammala shi ba. Ƙasar da ba ta narka ƙarfenta, ba ta da tsayayyar wutar lantarki, da me za ta ƙera fukafuki?

RA'AYIN MAI JAWABI

Malamin ya ce shi a ganinsa a sayo abin da ya zama dole yanzu, amma da sharuɗɗa uku. Na farko, duk ciniki ya ƙunshi cewa a nan gida za a riƙa yin babban gyara, kuma mai sayarwa ya koyar da 'yan ƙasa. Na biyu, a rage tarkacen samfura, domin jirage daga Sin da Italiya da Amurka da Rasha da Turkiyya kowanne da nasa kayan gyara da makanikai, wannan ɓarnar dukiya ce. Na uku, a ware wani kaso na kuɗin sayayya kowace shekara domin ƙera ƙananan jirage marasa matuƙi da harsasai da kayan sadarwa, kuma kada canjin gwamnati ya taɓa shi.

Ya ƙara da cewa a duba irin yaƙin da ake yi. 'Yan bindigar daji a kan babura suke, ba su da jirgi, ko da yake sun harbo Alpha Jet a Zamfara a Yulin 2021. Abin da ya fi ƙaranci shi ne sahihin labarin waye a ƙasa. Jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya kashe masu Mauludi da dama a Tudun Biri ta Kaduna a Disambar 2023, kuma fararen hula sun mutu a harin sama a yankin Silame ta Sakkwato a Disambar 2024. Jirgi komai tsadarsa ba ya bambanta ɗan bindiga da manomi, mutum ne ke bambancewa.

TAMBAYOYI

Wani matashi a Gwandu ya tambaya, shin ɗan talaka da ke karatu a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ina ruwansa da wannan zance? Malamin ya amsa da cewa, "Ɗan uwa, matakin farko na tsanin nan naku ne. Ku daina gudun lissafi da kimiyya. Ga jami'ar tarayya a hanyar Kalgo, ga ta kimiyya da fasaha a Aliero, ga kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna da ke ɗaukar fararen hula. Kuma kada mai digiri ya raina mai walda ko maƙeri, domin injiniya ɗaya na buƙatar ƙwararrun hannaye da yawa. Annabi Dawud (AS) da hannunsa yake ƙera sulke."

A Kalgo kuma wani ya tambaya ko ba cin amana ne zai cinye kuɗin ƙirar ba. Malamin ya ce wannan tsoro yana kan hanya, domin bayan 2015 an gurfanar da manyan jami'ai a kotu kan zargin karkatar da kuɗin makamai. Amma cin amana yana cin kuɗin sayowa kamar yadda zai ci na ƙerawa, maganinsa shi ne a riƙa bayyana abin da aka kashe, jama'a kuma su riƙa tambaya. Ya shawarci matasa da su riƙa bin kasafin kuɗi suna lura da abin da aka ware wa makarantun fasaha, su tambayi wakilansu in sun zo neman ƙuri'a.

Daga nan aka rufe zama da addu'ar Allah Ya kawo zaman lafiya a ƙauyukanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba matasa ilimi mai amfani.