Gaskiya A Takardar Neman Aiki: Jawabi Ga Iyaye Da Matasan Sabo



An ba mu magana a kan takardar nan da mai neman aiki yake rubuta sunansa da shekarunsa da makarantun da ya yi da ayyukan da ya taɓa riƙewa, wadda yara ke ce wa sibi. Wani zai ce, to mene ne abin tara dattawa a kan 'yar takarda shafi biyu? Jama'a, akwai.

Tun da aka kafa Sabon nan ta Ibadan a 1916, da me kakanninmu suka ci abinci? Da amana. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillali ya sayar wa mahauci bashi, babu sa hannu babu lauya. Maigida ne ya tsaya. In kuɗi suka maƙale, shi zai biya, in ya ƙi biya baƙi su sauya masauki. Haka ma harkar goro. To, ita wannan takarda ita ce ta maye gurbin bakin maigida. A ƙasanta kuwa akwai sunayen mutum biyu ko uku da suka ce sun san yaro. Sau da yawa mu ne. Ran da asiri ya tonu, ba za a ce wane ya yi ƙarya ba, cewa za a yi yaran Sabo ne, sai na bayansa su tarar an rufe ƙofa.

Babbar matsalar ita ce rage shekaru. Mun san dalili, ba mu ce babu ba. Yaro ya makara shiga boko saboda allo, ya sha yajin aikin malaman jami'a, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, ya fito yana da 29, banki kuma ya ce kada a wuce 26 ko 27. Sai a ruga kotu a yi rantsuwa a zubar da shekara uku. A da ana wucewa da haka. Yanzu ranar haihuwarka tana kan lambar NIN, tana kan BVN ta banki, kuma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN. Ma'aikaci ɗaya da kwamfuta zai jera su ya ga inda suka saɓa. Wanda ma ya tsallake, abin yana jiransa ranar lissafin fansho, lokacin da ba shi da ƙarfin zirga-zirgar ofis.

Manya ma ba su tsira ba. A 1999 Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Ya ce shekarunsa 36, ashe 29 ne, doka kuwa a lokacin 30 take nema. Ya ce yana da digiri na Jami'ar Toronto ta Kanada, jami'ar ta ce ba ta san shi ba. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya sauka yana hawaye. An yi masa afuwa daga baya, amma har yau in an ce Toronto kowa ya san inda aka dosa. A 2018 kuma Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki saboda takardar yafe mata bautar ƙasa da aka gano ta jabu ce, ko da yake ta ce ba ta san haka ba. Ku lura da wannan, iyaye: takardar da wani ya "taimaka" ya karɓo muku a bayan fage, mai sunan ne zai amsa tambaya, ba mai taimakon ba. Masu tura yara Kwatano don digirin gaggawa kuma, ku tuna a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri a can cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024.

Sai takardar asali, wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. An haifi yaro a nan, uban ma a nan, amma fom ya ce jihar asali. Wurin haihuwa daban, jihar asali daban, a rubuta kowanne yadda yake. In kakanka daga Katsina ya zo, a bi ta dangi da mai unguwar can a karɓo ta halal, kada a saya a hannun ɗan tasha.

Abin mamaki, yaranmu suna ƙirƙiro aikin da ba su yi ba, suna ɓoye wanda suka yi. Ka shekara huɗu kana riƙe wa babanka littafin bashi a kasuwar Bodija, kana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, amma ka rubuta wai ka yi manaja a kamfanin da ko adireshi ba shi da shi! Rubuta na kasuwar, Malam. Shi ne in an tambaye ka za ka yi bayani ba in-ina.

Mu kuma dattawa, in yaro ya kawo fom a sa masa hannu, mu ce ya zo da ainihin takardunsa, mu sa wani mai karatu ya karanta mana layi-layi kafin mu ɗauki biro. Yanzu sai mu ji tambayoyinku.