Inda Kwalta Ta Ƙare: Hawan Babur a Daji da Kula da Shi



An nemi mu yi magana a kan hawan babur a daji, watau a turbobin da ba kwalta ba burji, da kuma yadda masu sha'awar wannan wasa suke kula da baburansu. Mun sani akwai waɗanda za su ce, me ya haɗa ɗalibin jami'a da wasan ganganci? Amsarmu ita ce, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure, in sun ƙare karatu, ƙauye za a tura su: wani malamin gona, wani ma'aikacin lafiya, wani mai duba makarantu. Ranar da aka miƙa wa mutum makullin babur aka ce ga garuruwa goma sha biyu a hannunsa, ya shiga wannan wasa ko yana so ko ba ya so. Ɗan tsere in babur ɗinsa ya mutu, kofi ya rasa. Ma'aikacin lafiya kuwa, allurar rigakafin da ya ɗauro a baya ita za ta lalace a rana, yara suna can suna jira. Saboda haka abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, a daji kula da babur rabin hawa ce, kuma mahayin da bai saba da sifana ba bai gama koyon hawa ba.

Bari mu fara da inda aka fi gwada wannan magana, watau tseren nan na Faris zuwa Dakar, wanda ya daɗe yana ratsa ƙasar Nijar. A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓace da babur ɗinsa a hamadar da ke wajen iyakar Nijar da Libiya, lokacin da ake wani tsere daga Abijan zuwa garin Nis na Faransa. Da kyar aka same shi da rai. Maimakon ya tsorata, sai ya koma gida ya shirya nasa tseren. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, 90 daga cikinsu babura ne. Suka bi ta Aljeriya suka sauko Agadas da Yamai, suka wuce Gawo da Bamako, tafiyar kilomita wajen 10,000. Ran 14 ga Janairu 1979, 74 kaɗai suka isa Dakar. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, yana bisa Yamaha XT500 ne, babur mai silinda ɗaya tak, wanda iska ke sanyaya injinsa, kuma da ƙafa ake tayar da shi. Ba shi da wani ƙyale-ƙyale, amma duk abin da ya lalace a jikinsa mahayi yana iya kwance shi a gindin dutse ya gyara.

A 1983 tseren ya ratsa Tenere, guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere wajen 40 suka ɓace, aka yi kwanaki ana nemansu kafin a same su duka da rai. Shi kansa Sabine ya rasu ran 14 ga Janairu 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a ƙasar Mali. A 1997 an yi tseren daga Dakar zuwa Agadas da dawowa. A 2008 aka soke shi saboda matsalar tsaro a Muritaniya, daga 2009 ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. To, har yau a cikin wannan tsere akwai rukunin mahaya waɗanda doka ta hana su zuwa da bakanike. Akwati guda ake ɗaukar musu na kayan gyara. Mutum zai wuni yana fama da tuddan rairayi, ya iso zango da dare a gajiye, sa'an nan ya zauna ya juye baƙin mai, ya sake taya, ya wanke matatar iska, kafin ya sami barcin 'yan sa'o'i. Masu sha'awar wasan suna girmama waɗannan mutane ƙwarai, ko da sun zo a can baya.

Yanzu sai mu dubi abin da suke yi da daren nan, domin shi ne abin da ya shafe mu.

Abu na farko, matatar iska. Mutane da yawa sun ɗauka fetur kaɗai inji yake sha, alhali kuwa kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Ku auna wannan da ƙurar hunturu, ko ƙurar da babbar mota ke tayarwa in kana biye da ita. Duk ƙwayar yashin da ta tsallake matata, cikin silinda za ta faɗa, ta shiga tsakanin fistin da bango tana gurza kamar dutsen niƙa. Alamar ita ce babur ya fara hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu, mai shi yana ta zagin kamfani. Matatar baburan daji soso ce. Akan cire ta a wanke, a bari ta bushe sarai, a shafa mata mai, a matse har ya ratsa ko'ina ba tare da yana ɗiga ba, domin man shi ke kama ƙurar. Kafin a mayar, a goge cikin akwatinta, a kuma tabbata bakinta ya zauna daram, gama matata mai kyau da aka sa a karkace daidai take da babu. Wadda aka yi da takarda kuwa ba a wanke ta, sake ta ake yi. Masu wasan daji sukan duba matata bayan kowace fita mai ƙura.

Na biyu, baƙin mai. Babur da ke tafiya a yashi yana aiki da ƙaramar giya, inji yana kuka, iskar da za ta sanyaya shi kuwa kaɗan ce. Mai yakan gaji da wuri. Saboda haka adadin kilomitar da littafin babur ya faɗa don juye mai, a ɗauke shi a matsayin iyaka, a riƙa juyewa tun kafin a kai. A kuma duba sandar awo kowace safiya, babur yana tsaye sak a wuri mai daidai.

Na uku, sarƙa. A nan ne gwanayen birni sukan yi kuskure, su ɗaure ta tamau. A daji ƙafar baya tana hawa tana sauka ƙwarai, kuma duk sa'ad da ta lotsa sarƙa takan ƙara miƙewa. In ba a bar mata sarari ba, ko ta tsinke, ko ta ci haƙoran da take bi. Littafin kowane babur ya faɗi sassaucin da za a bari, kuma na daji ya fi na kwalta yawa. Sa'an nan man da aka malala mata in ya haɗu da yashi yakan zama abin wasa wuƙa. A wanke ta tukuna, a sa mai kaɗan, a goge ragowar. In haƙora suka yi tsini suka lanƙwasa, a sake su tare da sarƙar gaba ɗaya, don tsohon haƙori ba ya barin sabuwar sarƙa ta daɗe.

Na huɗu, ƙafafu. Gargada takan kwance wayoyin ƙafa sannu a hankali. A riƙa ƙwanƙwasa su da sifana ɗaya bayan ɗaya: mai ƙarfi takan yi ƙara tas, wadda ta saki kuwa muryarta a dakushe take. A yashi mai zurfi akan rage iskar taya don ta baje ta hau bisa, masu baburan daji sukan sauko har 12 zuwa 15 a ma'aunin mai faci. Amma su suna da wani ƙarfe mai riƙe taya a jikin rim. Wanda babur ɗinsa ba shi da wannan, in ya rage da yawa taya za ta zame ta tsinke bakin tib. Kayan faci da famfo da ƙarafan cire taya da fulogi na ajiya ba sa barin jikin babur. Kuma a koyi faci a tsakar gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da hawan kansa, yawancin abin da kwalta ta koya mana sai an sake shi. A wuri mai wuya akan miƙe tsaye bisa matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a bar babur ya yi rawarsa a ƙarƙashi. A yashi akan mai da nauyi baya, a riƙe totur ba saki, a sassauta hannu, ido yana can nesa inda ake son zuwa. Wanda ya firgita ya saki totur, ko ya damƙe birkin gaba, ƙafar gaba za ta nutse ta kayar da shi. Da damina, in an zo ƙorama, a sauka a taka ta da ƙafa tukuna. In babur ya faɗi cikin ruwa ya mutu, kada a tayar da shi nan take, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, zai lanƙwasa sandar fistin. A cire fulogi, a buga har ruwan ya fita, a matse matata, in kuma baƙin mai ya koma fari kamar madara a juye shi.

Kada a ɗauka wannan ilmi na 'yan wasa ne kaɗai. A 1988 wani ɗan jarida Bature, Barry Coleman, da shahararren ɗan tseren babur Randy Mamola sun ziyarci Somaliya, suka tarar da baburan da aka bai wa ma'aikatan lafiya jibge a bayan ofisoshi, ba su tsufa ba, rashin kula ya kashe su. Daga nan ne su da Andrea Coleman suka kafa ƙungiyar Riders for Health, wadda ta yi aiki a ƙasashe irin su Gambiya da Lesoto da Zimbabuwe. Tushen tsarinta shi ne mahayi ya duba babur ɗinsa kowace safiya, bakanike kuma ya sake abin da ya kusa gajiya tun bai karye ba. Wanda duk ya zaga bayan ofisoshin ƙananan hukumominmu ya san irin wannan jibgi ba a Somaliya kaɗai yake ba. Dalili kuwa a fili yake: mun ɗauka takardar shaida ta ɗauke mana taɓa baƙin mai, kuma kayan gwamnati ba na kowa ba ne.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da muke ratsa ƙasarsu. Tseren Dakar ya ci rayukan gwanaye, irin su Fabrizio Meoni a 2005, amma ya kuma kashe yara ƙanana a ƙauyukan Mali da Gini da Senegal waɗanda ba su shiga gasa da kowa ba. Turbar da muke kira daji, hanyar rijiyar wani ce, ko burtalin shanunsa. A rage gudu tun kafin a shiga gari, kada a keta gona, in an haɗu da garke ko jaki da kaya a tsaya su wuce. A 'yan shekarun nan hukumomi a Nijeriya da Nijar sun sha hana hawan babur a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, don haka a tambayi halin hanya kafin a kama ta. A sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu, a ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zato, a gaya wa wani inda za a da lokacin dawowa, kuma tafiya mai nisa kada a yi ta mutum ɗaya.

Daga ƙarshe muna da shawara ga ƙungiyar ɗalibai. A keɓe safiyar Asabar guda a wata, a gayyato bakanike daga cikin gari, a biya shi haƙƙinsa, kowa ya zo da babur ɗinsa ko na abokinsa. A wannan rana bakanike shi ne malami, mu ne almajirai. Kada wanda ya bar wurin sai ya cire ƙafar baya da hannunsa, ya yi faci, ya mayar, ya daidaita sarƙa, ya kuma wanke matata. In aka yi haka shekara guda, waɗanda za a tura ƙauye baɗi za su tafi da abin da zai dawo da su gida.

 Allah ya kiyaye hanya.