Idan Ma'aikaci Ya Tare Ka Lokacin Annoba

Jawabin da wani malamin duba-gari ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci.



Kun tuna shekarar 2020 da cutar korona ta shigo ƙasar nan. A watan Afrilu aka sa dokar kulle a Kano. Aka rufe kasuwanni, aka dakatar da sallar Juma'a, aka tsare hanyoyin shiga jiha. Ga azumi ya kama. Mai tumatir yana kallo kayansa suka ruɓe. Ɗan dako ya kwana da yunwa. An sha wuya ƙwarai, ba mai musu.

To, amma a kan wa muka huce haushi? A kan ɗan sandan da ke bakin shinge, da malamar asibitin da ta ce sai an sa takunkumi kafin a shiga. Alhali ba su suka kafa dokar ba, aiko su aka yi. Malamar nan ma ta fi mu shiga haɗari, domin kullum ita ke taɓa marasa lafiya.

Tsare hanya saboda annoba ba baƙon abu ba ne. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can, sai ya juya da jama'arsa.

Yanzu an ɗage dokokin korona, amma sanƙarau da amai da gudawa ba su daina zuwa ba. Idan aka sake sa doka, ga abin yi.

Ma'aikaci ya tare ka, fara yi masa sallama. Tambayi dalili a hankali. In kana da uzuri, kamar mai naƙuda a mota, faɗa masa, ka nuna katin asibiti.

Kada ka ba da cin hanci don ka wuce. Kuɗinka ba zai hana cuta bin ka gida ba.

Gaskiya ne wasu ma'aikatan sun wuce gona da iri. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a mako biyun farko na kulle a Nijeriya. Saboda haka kada ka yi sa-in-sa da mai bindiga. In an zalunce ka, rubuta rana da wuri da sunan da ke ƙirjin rigarsa. Ai yanzu kun iya rubutu. Kai wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, har ta isa gaban hakimi.

Allah Ya tsare mu daga annoba, amin. Wassalam.