Karayar Ƙugu Ga Matasa Da Abin Da Ke Biyo Bayan Tiyata



Batun da muka zo da shi yau shi ne karayar ƙugu, watau karyewar wuyan ƙashin cinya a dab da inda kansa ya shiga gurbinsa a kwatangwalo. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan lalura ce ta tsofaffi, kuma da gaskiyarsu, domin akasarin masu samunta dattawa ne waɗanda ƙashinsu ya yi rauni, har santsin banɗaki kan isa ya karya su. To amma tana samun matasa ma, sai dai ta wata hanya dabam. Ƙashin saurayi yana da ƙwari, ba ya karyewa sai da bugu mai tsanani, kamar haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga bene ko bishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ke nan maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da muke hawa babur safe da yamma.

Abin da ya sa wannan karaya ta fi sauran wuya shi ne hanyar jini. Kan ƙashin cinya yana samun jininsa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da suke bi ta jikin wuyan ƙashin. Idan wuyan ya karye ya goce, jijiyoyin kan tsinke ko su murɗe, sai kan ƙashin ya rasa abincinsa, ya mutu sannu a hankali, daga baya ya lotsa. Bugu da ƙari, karayar matashi takan zo a tsaye, ta yadda nauyin jiki yake zamar da ɓangarorin biyu maimakon ya matse su. Wani likita Bajamushe mai suna Pauwels ya yi bayanin wannan tun 1935, a shekarar da wani likitan Amurka, Kellogg Speed, ya kira ta karayar da ba a gano bakin zarenta ba. Har yanzu likitocin ƙashi ba su daina fama da ita ba.

Game da magani kuwa, akwai bambanci tsakanin tsoho da yaro. Tsoho akan cire masa kan ƙashin da ya goce a sa masa na ƙarfe, domin ya tashi da wuri. Sauya gaɓar ƙugu baki ɗaya aiki ne da John Charnley ya kyautata a Ingila a 1962, kuma ya amfani miliyoyin mutane. Sai dai gaɓar roba da ƙarfe tana da iyakar kwana, wanda aka sa wa yana ɗan shekara 30 kuwa da wuya ya ƙare rayuwarsa ba a sake buɗe shi ba. Saboda haka ga matashi likitoci sun fi son ceton ƙashinsa na asali: a mayar da karayar daidai mazauninta, a ɗaure ta da dogayen kusoshi na ƙarfe, galibi guda uku, ko kuwa da babbar kusa ɗaya haɗe da faranti. Ingancin wannan daidaitawa yana daga cikin manyan abubuwan da suke yanke hukuncin ƙafar.

Yanzu bari mu zo ga tambayoyi biyu da dangi suke yi a ƙofar ɗakin tiyata: zai rayu, kuma zai yi tafiya? Amsar ta farko tana da daɗin ji. A cikin tsofaffi, kimanin mutum 20 zuwa 30 cikin 100 suke rasuwa a shekarar farko bayan karayar, alhali matasa mafi yawansu suna tsira. Waɗanda ake rasawa daga cikinsu, sau da yawa sauran raunukan haɗarin ne suke kai su, na kai ko ƙirji ko ciki, ko kuwa gudan jini da ya daskare a jijiyar ƙafa ya tafi huhu. Har ila yau matashin da ya karye daga ɗan ƙaramin faɗi ya kamata a bincike shi sosai, domin sau da yawa akwai wata cuta a ƙasa, kamar ciwon ƙoda, ko yawan shan giya, ko daɗewa ana shan magungunan da suke cinye ƙashi, kuma irin waɗannan su ne suka fi shiga hatsari a shekarun da suke biyowa.

Amsa ta biyu ita ce mai nauyi. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara bincike 41 a kan masu shekara 60 zuwa ƙasa, ya nuna cewa kan ƙashi ya mutu ga kimanin 14 cikin 100, karayar ta ƙi haɗewa ga kimanin 9 cikin 100, sa'an nan 18 cikin 100 sai da aka sake yi musu aiki. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar ya koma ɗakin tiyata. Ko wanda ƙashinsa ya haɗe, wuyan kan ɗan gajarce, ya bar shi da ɗingishi da raunin tsokar ɗuwawu. Mutuwar kan ƙashi kuma ba ta bayyana nan take, tana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye, shi ya sa ake son majinyaci ya dinga komawa ana ɗaukar hoton ƙashi ko da ya ji garau.

Jinyar kanta tana bukatar haƙuri. Akan tayar da majinyaci zaune ko tsaye da sanduna cikin kwana ɗaya ko biyu, don gudun daskarewar jini da ciwon huhu da gyambon kwanciya. Yawanci akan hana shi ɗora cikakken nauyi a kan ƙafar har mako 6 zuwa 12, gwargwadon yadda likita ya ga karayar. Daga nan sai aikin masu gashin ƙashi, na motsa gaɓa da ƙarfafa tsoka, wanda kan ɗauki watanni. Taba sigari tana jinkirta haɗewar ƙashi, don haka barinta yana cikin magani. A nan ne matasa suka fi faɗuwa, domin da zarar zafi ya ragu sai ɗalibi ya tuna jarrabawa, ma'aikaci ya tuna hutunsa ya ƙare, a yar da sanda tun ƙashi bai nuna ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Akwai kuma maganar ɗori, wadda dole mu faɗe ta da ladabi. Masu ɗori sun daɗe suna hidimar jama'armu, kuma kusa suke da talaka. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin nama, hannu ba ya kai wa gare shi, karan ɗori kuma ba ya riƙe shi. Makonnin da aka ɓata ana ja ana murzawa su ne suke mayar da ƙashin da za a iya ceto ya zama wanda sai an cire. Muna da asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala cikin Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i. Duk wanda ya yi haɗari ya kasa taka ƙafa, yana jin zafi a matsematsi, ko ƙafar ta gajarce ta karkace waje, kada a ja ta, kada a tsayar da shi, a kwantar da shi a kai shi asibiti a ranar.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, muna da nauyi uku a kanmu. Mu kiyaye kanmu a hanya, mu sa hular kwano, mu ɗaura bel, mu rage gudu. Mu zama masu kai labari gidajenmu, domin a yawancin iyalai ɗan makaranta ake tambaya idan irin wannan ta faru. Sa'an nan mu tsaya wa wanda ya karye a cikinmu: ƙungiyar ɗalibai ta nema masa ɗaki a ƙasa da sassaucin jarrabawa, ofis kuma ya ba shi isasshen hutu da aiki mai sauƙi idan ya dawo, abokai su riƙa kai masa darasi, domin kaɗaici da damuwa suna karya majinyaci kamar yadda haɗari ya karya ƙashinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu a hanyoyinmu.