Iskar da Ke Komawa Dutse: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Fasahar Gini

 

Babu ɗaya cikin ɗaliban nan da bai taɓa tsayawa a gidan bulo da sassafe ba, yana kallon yaro riƙe da tiyo yana bin layi yana ban ruwa, kada rana ta busar da bulon kafin ya yi ƙwari. Sun kuma haddace cewa sai kankare ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. To, sana'ar da za su shiga ta soma sauya kama.

A Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar, farar ƙasa ake gasawa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a samu siminti. A cikin gashin nan dutsen ke sakin iskar kabon da ya daɗe yana riƙe da ita, ga kuma hayaƙin makamashin da aka ƙona. Kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga siminti yake.

Abin sha'awa, iskar tana iya komawa inda ta fito. Kamfanin CarbonCure na lardin Nova Scotia a Kanada yana fesa ta cikin kwaɓi tun yana ɗanye. Nan take sai ta haɗu da sinadarin kalsiyam ta rikiɗe zuwa ƙwayoyin farar ƙasa da ido ba ya gani, ko an rushe ginin ba ta tashi. Shi kuwa CarbonBuilt, wanda ya samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, jera bulo ya yi a rufaffen ɗaki ya sako masa hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal a jihar Wyoming ta Amurka, bulo sama da 10,000 suka ƙosa a haka. A 2021 kowannensu ya ci kyautar XPRIZE ta dala miliyan 7.5.

Sai dai iskar da ake ɗaurewa kaɗan ce a kan wadda aka saki wajen gashi. Babbar ribar ita ce ƙwarin da kankare ke ƙarawa, har a rage siminti ba tare da gini ya yi rauni ba. Dabarar rufaffen ɗaki kuma ta fi dacewa da bulo, domin yawan iskar na buɗe wa tsatsa hanya zuwa rodi.

A ƙasar nan rage siminti ya yi ƙaurin suna, don masu ha'inci sun sha jawo ruftawar benaye a kan bayin Allah. Su kuwa CarbonCure da CarbonBuilt sai sun danne samfur a na'urar gwaji sun ga nauyin da ya ɗauka kafin su rage ko awo ɗaya. Irin wannan na'ura ɗaliban nan suka yi shekaru suna aiki da ita, kuma da ita ake fatan ganinsu a wuraren aiki.

 Yanzu za a kira su ɗaya bayan ɗaya su karɓi takardunsu.