Gwajin Jini Kafin Aure: Amfaninsa da Illarsa

Jawabi ga taron iyaye, limamai da masu unguwanni a Lafia, Jihar Nasarawa



Zancenmu na yau a kan cutar amosanin jini ne, wadda aka fi sani da sikila. Ba mayu ke kawo ta ba, ba kuwa iskoki ba. Gadonta ake yi, daga uwa da uba duka biyu. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Nijeriya ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara.

Gwajin jini shi ke nuna irin da mutum ya gada, ko AA, ko AS, ko SS. Mai AS lafiyayye ne, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS. A lura, kowane ciki da lissafinsa. Haihuwar ɗaya mai cutar ba ta kuɓutar da ukun da ke biye ba.

Amfanin gwajin a fili yake. Saurayi da budurwa sukan yanke shawara da saninsu. Jaririn da aka gano da wuri kuwa, akan tsare shi da rigakafi da gidan sauro da maganin penisilin. Don haka Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa cibiyar sikila a asibitinta na Keffi. Jihar Kano kuma ta wajabta gwaji kafin aure a 2024.

To, amma akwai illa. Ɗakin gwaji marar ƙwarewa yakan ba da sakamakon kuskure, haka ma idan an yi wa mutum ƙarin jini cikin wata uku. Gwajin da aka jinkirta sai an kai lefe yakan jawo ɓacin rai tsakanin dangi. Mafi muni, a tona asirin yarinya, manema su guje ta, alhali aurenta da mai AA ba ya haifar da SS.

Saboda haka muna roƙo: a gwada yara tun suna makaranta, a maimaita a asibitin da aka amince da shi, a nemi bayanin likita. Liman da waliyyi kuma su riƙe sakamakon amana, kada ya zama hirar dandali.

Allah ya ba mu zuriya mai albarka. Wassalam.