Man Laushin Gashi: Juya Robar Ka Karanta Kafin Ka Sari Kwali

Yau mun ajiye farashin bijimi da canjin sefa, zancen kai za mu yi: man nan da ake shafawa bayan wanke kai don gashi ya yi laushi, wanda ƴan birni ke kira kwandishana. Kai da kake saro shi daga Kano ko Kwatano kana bazawa a Jibiya, Ɗan Isa, Illela ko Ƙonni, jarinka ne a ciki. Ke kuma da kika sayar da nono kika ware kuɗin roba ɗaya, gashinki ne a ciki.

Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da wani sinadari mai suna silikon. Asalinsa yashi ne, a masana'anta ake sarrafa shi har ya koma ruwa mai santsi, ba ƙamshi ba launi. Aikinsa shi ne ya lulluɓe kowane silin gashi da siririyar riga. Shi ya sa mataji ke wucewa sululu, gashi ya yi sheƙi, tsifa ta zo da sauƙi. Kuma wannan amfani ne na gaske, domin ja da fizga wajen taza su ke karya gashi, musamman wanda aka sa wa man saki ya yi rauni. Masu cewa silikon guba ne sun wuce gona da iri. Sanƙon goshin da ke damun mata kuwa, sau tari matsattsen kitso ne ke jawo shi, a daina ɗora wa man laifi.

Sai dai riga riga ce. Silikon ba ya ciyar da gashi, ba ya tsirar da sabo, ko da hoton mace mai gashi har gadon baya aka manna a robar.

To ina matsalar take? Masu nauyi a cikinsu ba sa narkewa a ruwa. Wanda ya haɗa man yana da wata mace a ransa, mai famfo a gida, mai wanke kai da shamfu a kai a kai. Ke kuwa kitsonki yakan yi mako uku ko huɗu, ruwan rijiya da guga ake jawo shi, kuma sai dabbobi sun sha tukuna. Kin shafa yau, kin ƙara jibi, kin bi da man shanu ko man kaɗe kamar yadda kika saba, ga ƙurar hunturu tana sauka a kai. Riga bisa riga ke nan. Kafin wata ya ƙare gashi ya yi nauyi, ya yi danƙo, sheƙin ya dushe, in kin zuba ruwa sai ya riƙa gangarewa bai jiƙa ba. Ranar kasuwa ki je ki ce wa mai tebur ya sayar miki da jabu. Shi ma ya rantse, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Man na gaske ne, bai dace da ke ba ne kawai. Amma ciniki ya riga ya ɓaci, kuma in mace ɗaya ta faɗa a rugga, goma sun ji.

Ga yadda za ka gane shi. Juya robar, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kalmar Ingredients. Ko da Turanci aka buga robar ko da Faransanci, sunayen sinadaran iri ɗaya ne, don haka na Maraɗi da na Katsina duk karatu ɗaya za su yi. Ba sai ka iya furta su ba. Wutsiyar suna za ka duba, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa daga nesa. In sunan ya ƙare da cone, ko conol, ko siloxane, silikon ne. A kula, akwai dogayen sunaye masu ƙarewa da one kawai, babu c a gaba, irin Methylisothiazolinone. Wannan maganin hana man lalacewa ne. Sannan ana jera sinadaran ne daga mafi yawa zuwa ƙasa. In ka ga silikon cikin huɗu ko biyar na farko, yana da yawa. In can ƙarshe yake kusa da turare, ɗan kaɗan ne.

Su ma ba halinsu ɗaya ba. Dimethicone da Dimethiconol su ne masu naci, sai da shamfu suke fita. Amodimethicone ya fi kama wurin da gashi ya lalace, ba ya cika taruwa. Wanda ka ga an sa masa PEG da lamba a gaba, kamar PEG-12 Dimethicone, ruwa ma na iya tafiya da shi, shi ne ya fi dacewa da mai ƙarancin wanke kai. Cyclopentasiloxane kuwa bin iska yake bayan an shafa, amma sau da yawa shi ke ɗauko Dimethiconol ya sauke a gashi ya yi tafiyarsa, don haka ka duba maƙwabcinsa a layin.

Kan wannan na ƙarshe akwai abin da zai amfani ɗan kasuwa. Tun 31 ga Janairu 2020 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari a mayukan da ake ɗaurayewa, saboda taruwar da yake yi a koguna. Don haka in dila ya kawo maka na ɗaurayewa yana cewa kai tsaye daga kantunan Faransa ya fito, kuma ka ga sunan a sahun farko, ka tsaya ka tambaya: ko tsohon kaya ne, ko don wata kasuwa aka yi shi, ko rubutun ne ƙarya. Wanda aka juye a leda ko ƙaramar roba ba takarda kuwa, babu abin karantawa. Ka ce a nuna maka uwar robar.

Shawarata ga mai tebur, tambaya biyu kafin ka miƙa: sau nawa take wanke kai, kuma da me? In ta ce sai ranar tsifa, da sabulun wanka, ba ta mai PEG, ko wanda aka rubuta sans silicone ko silicone free, bayan ka tabbatar a baya, don gaban roba talla ne. In ta nace sai mai santsin nan, haɗa mata da shamfu mai kumfa, irin mai Sodium Laureth Sulfate. Ke kuma ki shafa a jelar gashi, ki bar fatar kai, ki wanke tas kafin sabon kitso.

Makiyaya, wataƙila kun taɓa haɗuwa da shi ba ku sani ba. Lokacin da saniya ta ci ɗanyen ganyen wake cikinta ya kumbura da kumfa, wasu magungunan ɗurawa da malamin dabbobi ke bayarwa silikon ne a cikinsu, shi ke fasa kumfar iska ta fita. Kada wani ya ji haka ya ɗura wa dabba man gashi. Akwai turare da wasu sinadarai a ciki da ba na ci ba ne. A nemi na dabbobin a wurin malamin.